Etna ko Stromboli, a wanne zan samu hoton wuta?

Mai Kyamara:
Assalamu alaikum. Kwana huɗu kacal gare ni a tsibirin Sisili na ƙasar Italiya cikin watan Oktoba, kuma na daɗe ina burin in ga dutse mai aman wuta ido da ido, in ɗauko hotonsa da hannuna. Na rasa wanda zan zaɓa, Etna ko Stromboli. Kyamarata ƙarama ce, ga shi ina da asma, ko da yake ta kwana biyu ba ta tashi ba. Wanda ya taɓa zuwa ya taimaka.

Tsohon Matafiyi:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, in wuta kake nema, nufi Stromboli. Etna ya fi shi girma nesa ba kusa ba, ya haura mita 3,300, amma sai ya ga dama yake amai. Yini guda na yi a kansa, ban samo komai ba sai hayaƙi da baƙar tsakuwa. Stromboli kuwa mita 924 ne, amma sau da yawa cikin awa guda sai ka ji gum, ka ga garwashi ya yi sama.

Bayan fashewar watan Yulin 2019 da ta kashe wani mai hawa, an rufe ƙololuwar. Lokacin da na je, a mita 400 ɗan jagora ya tsayar da mu, muna kallon Sciara del Fuoco, gangaren da garwashin ke bi ya faɗa teku. Kada ka ɓata batir da rana, wutar ba ta fita a hoto. Jira bayan magariba, sama tana da sauran shuɗi, ka kafa kyamara a kan ƙafarta, ka bar idonta a buɗe daƙiƙa 10 zuwa 15. Tartsatsin zai fito kamar jajayen zare.

Wautar da na yi: toka ta sauka a gilashin kyamarar, na sa bakin riga na goge. Ashe ba irin tokar murhu ba ce, niƙaƙƙen dutse ne mai kaifi. Har yau zanen yana nan. Hure ta kawai.

Yayar Kowa:
Ƙanena, ni maganar asmar ce ta tsaya mini. Hayaƙin nan akwai iskar farar wuta a ciki, takunkumin ƙyalle ba ya tare ta. Ga likitanka tukuna, abin shaƙarka ya zauna a aljihu, ka kuma faɗa wa ɗan jagora tun daga ƙasa. In ya ce a juya, a juya. Mutum 22 suka rasu sakamakon aman wutar dutsen Whakaari na Niyu Zilan a Disambar 2019, akasarinsu 'yan kallo.

Ɗan Teku:
Stromboli tsibiri ne, jirgin ruwa ake shiga daga garin Milazzo na Sisili, kuma in teku ta ɓaci ba ya tashi. Kada ka bar shi sai ranar ƙarshe.

Mai Kyamara:
Allah ya saka da alheri. Stromboli ke nan, a rana ta biyu. Yaya, na ji, gobe zan je asibiti. Malam, ƙafar kyamara ce ba ni da ita, in na ɗora a kan jaka zai yi?