Wa ya taɓa yi wa karensa dashen kashi?

Baban Hanif: Salamu alaikum jama'a. Karen gadina, Jaman Shefad ɗan shekara 3, wata biyar ke nan yana zawo, ya tsaya kwana biyu ya dawo. Ya sha maganin tsutsa, ya sha Flagyl zagaye uku, ci kamar gara amma haƙarƙari duk a waje. Yanzu likita ya ce zai samo kashin lafiyayyen kare, ya dama da ruwan gishirin asibiti, ya tace, ya ɗura masa ta dubura, don ƙwayoyin hanji masu amfani su dawo. Naira dubu 60 har da gwajin karen da za a ɗebo nasa. Ranar Asabar zan ba shi amsa. Wanda ya taɓa yi ya taimaka mini da yadda aka ƙare.

Ɗan Tudu: Flagyl da farar shinkafa, kwana uku an wuce wurin.

Baban Hanif: Malam, na ce sau uku yana sha.

Alhaji Mai Gona: Kada ka yarda, ƙanena. Bara da damina na sayi 'yan kwikwiyo huɗu, kowanne da katin rigakafinsa. Mako guda suka kama amai da zawon jini, warin nan da ba ya ɓuya, fabo, cutar nan mai kashe 'yan kwikwiyo. Wani da ake kira likita ya zo gona, ya ce ba sai an yi ƙarin ruwa ba, sabon magani ya fito. Kashin karen gidansa ya zo da shi a leda. Dubu 15 na ba shi. Kafin Juma'a uku sun mutu, ta ƙarshen a kan cinyar ɗana, yaron ya kwana bai ci abinci ba. Wadda ta rayu kuma aka gano cikinta cike da tsutsa. Har yau ba ya ɗaga wayata.

Maman Ilham: Allah ya mayar da alheri, Alhaji. Ni an yi wa karyata a Abuja, sau biyu, tsakani mako biyu, dubu 150. Kashinta ya ɗaure na wajen wata uku, daga baya ya sake sakewa, sai da muka koma. Amma ta yi ƙiba.

Na Gwaggo: Ashe dukiya nake biyan yaro yana kwashewa kowace safiya! Karnukana biyar, masu saye su yi layi.

Ɗalibar Dabbobi: Baba Alhaji, abin da aka yi maka ganganci ne. A binciken da aka yi a Brazil, wanda ya fito a 2018, an raba kwikwiyo 66 masu fabo gida biyu, kuma dukkansu an yi musu ƙarin ruwa da magani. Waɗanda aka ƙara wa dashen sun fi saurin daina zawo, kwana 3 a asibiti maimakon 6. Ƙari ne a kan magani, ba ya maye gurbinsa. Kuma dole a gwada karen da za a ɗebo kashinsa, tsutsa da jiyadiya (wata ƙwayar cutar hanji mai sa zawo) da sauransu. Ko a mutane, a 2019 hukumar magunguna ta Amurka ta sanar da mutuwar wani da aka sa wa kashi mai ƙwayar cuta da ba ta jin magani. Baban Hanif, irin karenka, ga ci ga rama, ka nemi a yi gwajin jini na TLI tukuna, mai nuna ko jikinsa na samar da isasshen ruwan narkar da abinci. Jinsinsu na yawan samun matsalar rashin ruwan narkar da abinci, kuma dashe ba zai gyara wannan ba.

Sarkin Baka: 'Yata, shekara 30 ina farauta da karnuka, ke kare nawa kika binne? Littafi daban, daji daban.

Maman Ilham: Haba Baba, ita kaɗai ce fa ta karanta tambayar har ƙarshe.

Alhaji Mai Gona: Wancan likitan ma da turancinsa ya zo. Ni abin da ke ci mini rai katin nan ne. Hatimi da sa hannu, ashe ko allura ɗaya ba a yi musu ba.

Ɗan Tudu: Ko an yi ma. Na shiga wani shago a garinmu, kwana biyu babu wuta, firiji a buɗe, allurar a ciki da ɗumi, kuma yana sayarwa dubu 8.

Na Gwaggo: Dubu 8? Ni 12 ake karɓa a hannuna.

Baban Hanif: Ɗaliba, gwajin nan ana yinsa a Kaduna, ko sai an tura jinin wani wuri?

Sarkin Baka: Mai shagon nan, ta cizon mahaukacin kare ma a firijin yake ajiyewa?