Yaya ake tsara aikin gida a bazarar Gombe?

Amarya_Tumfure: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Gida ne na mutum shida, uku yara 'yan makaranta. Ruwan famfo ba kullum ba, wuta ma ba ta da lokaci, ga zafi ya shigo. Wane aiki ake fara yi, wane ake bari sai yamma, don kada azahar ta riski mutum a bakin murhu?

Hajiya_Jekadafari: Wa'alaikumus salam 'yata. Daga Maris zuwa Mayu rana ce ke raba aiki a garin nan, tunda zafi na kai digiri 40 ko sama. Duk abin da ke buƙatar wuta ko ƙarfi, a gama shi kafin ƙarfe goma na safe, ko a jira bayan la'asar.

Aikin safiya kuma tun daren jiya ake haɗa shi. Bayan isha'i a wanke kwanuka, a cika bokitan wankan yara, a tsince waken gobe, a fito da kayan makaranta. Da an idar da asuba sai a ɗora ruwan koko a kan gas, tukunyar abincin rana kuma a kan gawayi, su tafi tare. Shara kafin rana ta fito, a ɗan yayyafa ruwa saboda ƙura.

Gasara ita ce ta fi ba mutane wahala a wannan lokaci. Mudu ɗaya na gero ya ishi gidanki kwana uku zuwa huɗu, kada ki zarce haka. Ki jiƙa shi da daddare, da safe ki wanke, ki zuba citta da kanumfari da ɗan barkono a kai markaɗe. In ya wuni ya sake kwana a ruwa cikin zafin nan, wari zai yi, kuma tata ba ta fitar da warin. Bayan kin tace ya kwanta, kullum ki tsiyaye ruwan sama ki zuba sabo, in ba haka ba tsami ya yi yawa yara su ƙi sha. Wajen damu kuma, a fara dama gasarar da ruwan sanyi kaɗan, sannan a sheƙa ruwan da ke tafasa sosai a lokaci ɗaya. Ruwan da aka sauke ya huce shi ke sa koko ya tsinke.

Miyar dare in ta rage, a tafasa ta kafin a kwanta, kada a sake sa mata cokali, da asuba a ƙara tafasawa. Tuwo na jure kwana a yi ɗumame. Shinkafa da wake ba sa jurewa, a dafa daidai ci.

Mai_gyaran_famfo_Bolari: Hajiya ta gama maganar kicin, bari in taɓa ruwa da wuta. Ƙanwata, ki yi lissafi da jarka mai lita 25. Mutum shida: biyu na sha da girki, huɗu na wanka, biyu na wanke-wanke da banɗaki. Takwas ke nan a rana, ban da wanki. Saboda haka duro mai lita 200 kwana ɗaya kawai zai yi muku. Ranar da ruwan famfo na madatsar Dadin Kowa ya zo unguwarku, ranar ce ranar wanki, ko da Talata ce. A fara cika randa da duro tukuna.

In akwai tanki a sama, baƙin nan na roba, kafin azahar ruwansa ya yi zafin da yaro ba zai iya wanka da shi ba. A tari na wankan rana tun da safe a ajiye a inuwa. Randa a ɗora ta kan jiƙaƙƙen yashi inda iska ke ratsawa, a rufe, a wanke ta duk bayan kwana uku. Ruwan 'yan garuwa in ya zo da laka, alif na kwantar da dattin, amma ba ya kashe ƙwayoyin cuta. Ruwan sha sai an tafasa.

A bar kwan lantarki ɗaya a kunne don a san shigowar wuta. In ta zo, kada a yi saurin kunna injin jan ruwa: a duba kwan, in haskensa ja ne wutar ba ta da ƙarfi, kuma ita ke ƙona injin. Haka barin sa yana aiki bayan ruwa ya ƙare a rijiya. Firiza kuma a cika ta da robobin ruwa. Cikakkiya da ba a buɗewa na iya riƙe sanyi wajen kwana biyu, wadda take rabi kwana ɗaya, a zafin nan ma ƙasa da haka. Yara masu buɗewa neman ƙanƙara su ke kashe ta.

Malamar_Islamiyya_Pantami: Sannunku da ƙoƙari. Hajiya, a yi mini afuwa, a abu ɗaya na ɗan bambanta: dafa abincin rana tun asuba bai dace da kowane abinci ba. Taliya ko dafa-duka da aka sauke ƙarfe bakwai, kafin yara su dawo ƙarfe biyu ta fara yauƙi. Gara a soya kayan miya da safe, shinkafar ko taliyar a dafa ta kusa da dawowarsu a kan gas, minti talatin ya isa.

Tsakanin azahar da la'asar a bar yara su kwanta, ko minti arba'in ne. Wanda bai runtsa ba shi ke gyangyaɗi a Islamiyya, hadda ba ta zama. Aikin gida na boko a yi shi bayan magariba, don bayan isha'i barci ya riga ya ci ƙarfinsu. Yawancin Islamiyyu na hutu Alhamis da Juma'a, to yammacin waɗannan ranakun ne na kitso, aski da kai niƙa.

Amarya_Tumfure: Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Hajiya, cefane fa, kullum ko na mako?

Hajiya_Jekadafari: Hatsi a saya na wata a kasuwar Tudun Hatsi, a zuba a mazubi mai murfi saboda ƙwari. Kuka, kuɓewa busasshiya da daddawa ma suna ajiyuwa. Tumatir da alayyafo kuwa na kwana biyu kawai, kuma a fitar da su daga leda da an shigo gida, a baza a faranti.