Ina da waƙoƙin almarar kimiyya 18, ta ina zan fara buga su?

'Yar Marwa:

Assalamu alaikum malamai da 'yan'uwa. Ina da rubutattun waƙoƙi 18 na Hausa, duka na almarar kimiyya: zama a duniyar Mars, mutum-mutumi mai kiwon shanu a bakin kogin Logone, Tafkin Cadi bayan shekara 200. Ban taɓa buga komai ba. Kalmomin kimiyya suna karya mini kari, wato ma'aunin waƙa. Ban kuma sani ba ko in fara zuba waƙoƙin a Facebook ko in jira littafi. Sannan masu ɗab'i a nan Marwa sun fi sabawa da Faransanci, ina tsoron su ɓata mini ƙ da ɗ da ɓ. A taimaka da shawara dalla-dalla. Allah Ya saka da alheri.

Malamin Aruli, Garwa:

Wa alaikumus salam Malama. Mu fara da kari, domin idan bai zauna ba, sauran aikin duk ado ne.

Ki ɗauki fensir, ki yanka kowane ɗango gaɓa-gaɓa. Gaɓa iri biyu ce: marar nauyi, wato baƙi da gajeren wasali kamar "wa" a "wata", da mai nauyi, wadda ke da dogon wasali ko tagwan wasali ko baƙi a ƙarshe, kamar "ra" a "rana", ko "tau", ko "kum". Inda ake faɗuwa shi ne, rubutun boko ba ya nuna tsawon wasali, saboda haka ido ba zai gaya miki komai ba. Sai kin furta da baki.

Ga misali da na gina a karin Mutaƙarab, inda kowace ƙafa take marar nauyi ɗaya da masu nauyi biyu, ta ƙarshe kuma gajeriya:

Wata ya yi nisa, gida ya fi shi,
Ƙasa ja, ruwa babu, sai dai ƙishi.

Yanka shi haka: wa-ta-ya / yi-ni-sa / gi-da-ya / fi-shi. Yanzu ki gwada cusa "tauraron ɗan'adam" a wannan karin. Tau, ra, ron, ɗan: masu nauyi huɗu a jere, alhali Mutaƙarab ba ya ɗaukar fiye da biyu a jere. Ko ki ja murya yadda kika ga dama, ba zai shiga ba. Amma "mutum-mutumi" tsarinsa marar nauyi, mai nauyi, marasa nauyi biyu, mai nauyi, kuma wannan ita ce ƙafar karin Wafir cif. Ashe kalmar ce za ta zaɓa miki kari. Ki jera kalmomin da waƙar ba za ta yiwu ba sai da su, ki auna su, sannan ki zaɓi karin.

Kalmar da ta ƙi zama, a siffanta ta. Muna da kumbo, Zara, Gamzaki, Kaza da 'Ya'yanta, duk suna shiga waƙa salin-alin. Game da amsa-amo, mai farawa ya tsaya a ƙwar biyu, wato ɗango biyu a kowane baiti, baiti 12 zuwa 20. Ƙwar biyar na bukatar ƙaramin amsa-amo a ɗango huɗu na kowane baiti ban da babba, kuma nan ne ake fara cika waƙa da kalmomin da ba su da aiki.

Mai Kallon Taurari, Kusiri:

Allah Ya ƙara wa Malam basira, karin ya zauna daram. Sai dai zan ɗauki baitin nasa in nuna wa ƙanwarmu ɗaya ɓangaren aikin. In mai maganar a Mars yake, wane watan? Biyu ne a can, Phobos da Deimos. Phobos kusan kilomita 6,000 kawai yake daga doron ƙasar, yana kewaye ta cikin awa 7 da minti 39, shi ya sa yake fitowa daga yamma ya faɗi gabas. "Ruwa babu" kuwa gaskiya ne in ana nufin rafi ko tafki, amma akwai ƙanƙara, kumbon Phoenix ya tabbatar da ita a 2008. Ba cewa nake a gyara baitin ba. Cewa nake marubuciya ta san waɗannan kafin ta zaɓi abin da za ta faɗa.

Kowace waƙa a ba ta hujjar kimiyya ɗaya tabbatacciya, a bar wannan hujjar ta taɓa rayuwar mutum. Yinin Mars awa 24 ne da minti 39, shekararta kwana 687. Faɗuwar rana a can shuɗiya ce. Saƙon rediyo daga nan zuwa can yana ɗaukar minti 3 zuwa 22, gwargwadon inda duniyoyin biyu suke. To ki duba uwa a Marwa ta yi wa ɗanta sallama, amsar ba za ta dawo ba sai bayan kusan minti 40, tana zaune da wayar a cinya. Waƙa ke nan, ba a bukatar jera sunayen na'urori.

Na fi son batun Tafkin Cadi, don namu ne. A farkon shekarun 1960 faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 25,000, farin shekarun 1970 da 1980 ya cinye kusan kashi 90 cikin ɗari. Amma kimanin shekara 7,000 da suka wuce ya fi murabba'in kilomita 300,000. Yawancin ruwansa daga Shari da Logone yake zuwa, kogunan da ke haɗuwa a nan tsakanin Kusiri da Injamena. Don haka ba dole ba ne tafkin shekara 200 ya zama busasshe, yana iya cika ya ci garuruwa. Abin da mai karatu ba zai yafe ba shi ne saɓa wa abin da aka sani ba tare da dalili ba, kamar jin ƙarar fashewa a kan wata, inda babu iskar da za ta ɗauki sauti.

Hajiya Mai Ɗab'i, Ngaundere:

'Yata, tsoronki a kan hanya yake. Masu ɗab'in da suka saba da Fillanci suna da ɓ da ɗ da ƴ, amma Fillanci ba shi da ƙ, don haka ita ce ke fita a matsayin ɗan akwati ko ta sauya kama a tsakiyar kalma. Ki tsara rubutun da Charis SIL ko Gentium ko Andika, duk kyauta ne, kuma suna da manya da ƙananan haruffan nan. Kada ki miƙa fayil ɗin Word. Ki mai da shi PDF wanda haruffan ke ƙunshe a ciki, ki hana kowa sake buga miki rubutu da hannu, domin wanda ya yi karatun Faransanci zai mai da "c" ta koma "tch", "u" ta koma "ou". Ki kuma tsaya a kan ƙa'ida ɗaya: ko 'y irin ta Najeriya ko ƴ irin ta Nijar.

Waƙa 18 ɗan ƙaramin littafi ne. Girman A5, wato milimita 148 da 210, takardar A4 ce aka ninka biyu, shi ya sa dole adadin shafuka ya rabu da 4. Shafi 32 takarda 8 ke nan: a bayan ta farko shafi na 32 da na 1 ne gefe da gefe, a cikinta na 2 da na 31. Kwafi 50 zai ci takarda 400, bai kai rim ɗaya mai 500 ba. Ciki giram 80, bango giram 250. A bar gefe milimita 18, harafi mai lamba 11, sai layi ya ɗauki harafi 55 zuwa 60. Ɗangon da ya wuce haka zai karye, a tura ragowarsa ciki kaɗan don kada a ɗauka sabon ɗango ne. In hoton bango ya kai baki, a ƙara milimita 3 na yanka.

A ɗinke da fil biyu a tsakiya. Gam mai arha ba ya jure zafin Afrilu, shafuka sai su riƙa zubewa. A buga da injin leza, tawadar ruwa tana zuba da an taɓa da jiƙaƙƙen hannu. Kafin ki biya cikon kuɗi, a fitar miki da kwafi ɗaya, ki ba wani ya karanta da ƙarfi kina bi da fensir.

Ɗan Injamena:

Saura batun Facebook, kuma shi ya kamata a fara yanke wa hukunci. Yawancin mujallun waje suna ɗaukar abin da aka sa a fili a intanet a matsayin wanda aka riga aka buga, su kuwa haƙƙin bugun farko suke saya. Ki ware biyar mafi ƙarfi ki ɓoye, sauran ki yi yadda kika so. Samovar, ƙanwar mujallar Strange Horizons, tun 2017 take buga fassara zuwa Turanci tare da rubutun asali, har da waƙa, don haka Hausarki za ta fito kusa da fassarar. Akwai kuma mujallar Star*Line ta SFPA, ƙungiyar masu waƙoƙin almarar kimiyya, wadda aka kafa a Amurka a 1978. A karanta ƙa'idar kowace, a aika lokacin da ƙofa take buɗe. Wanda ya ce ki biya kafin ya "zaɓi" waƙarki, ɗan kasuwa ne.

Haƙƙin mallaka naki ne tun ranar da kika rubuta, ba sai da rajista ba. A Kamaru dokar 19 ga Disamba 2000 ce ke kare shi, ƙungiyar SOCILADRA ke kula da na marubuta, mu a Cadi hukumar BUTDRA ce. In za ki sa hannu da mai bugawa, a rubuta harshe, yawan kwafi, tsawon shekaru, da kasonki. Haƙƙin rerawa da na fassara su zauna a hannunki.

'Yar Marwa:

Na gode ƙwarai, Allah Ya bar zumunci. Lambar ISBN fa, wato lambar shaidar littafi, dole ce ga kwafi 50?

Hajiya Mai Ɗab'i, Ngaundere:

Ba dole ba ce in hannu da hannu za ki sayar. Sai za ki kai kantin littattafai ko laburare ake yawan nemanta, kuma bugun takarda da na waya kowanne da tasa lambar. Ki fara da 50 ɗin, ki naɗi uku daga cikin waƙoƙin da muryarki ki tura ta WhatsApp, ki tara gyaran da masu saurare za su kawo, sannan ki nemi lambar a bugu na biyu.