Yadda 'yan asalin ƙasa suke karkasa tsirrai

Bala: Assalamu alaikum. Shin al'ummomin da suke rayuwa a dazuzzuka suna da tsari wajen sanya wa tsirrai suna, ko kuwa amfaninsu kawai suke dubawa?

Malama Hadiza: Wa alaikumus salam, Malam Bala. Suna da tsari, mai zurfi ma kuwa. Harold Conklin, wani masani mai nazarin al'adun al'umma wanda ya zauna da mutanen Hanunoo a tsibirin Mindoro na Filifins a shekarun 1950, ya tarar suna bambance nau'in tsirrai fiye da 1,600, suna lura da siffar ganye, da launi, da yadda tsiro yake girma.

Malam Isa: Wani masanin mai suna Brent Berlin ma ya ga haka wajen mutanen Tzeltal na Meziko, waɗanda suka kasa yawancin tsirransu gida huɗu: bishiyoyi, masu yaɗo, ciyayi da ƙananan tsirrai masu faɗin ganye. Sai dai amfani yana da nasa tasirin, domin masara da wake da suke nomawa sun fi tsiron daji yawan sunaye nesa ba kusa ba.

Bala: Na gode ƙwarai. Yanzu damuwata ita ce makomar wannan ilimi idan matasa suka daina jin harshen kakanninsu.