Maki 236 a JAMB amma har yau shiru, ina matsalar take?

Baban Walida, Tudun Wada:
Assalamu alaikum. Ni tela ne, bokona bai wuce aji uku na sakandare ba, don haka a yi mini uzuri idan tambayar ta zo a karkace. 'Yata ta fari ta ci 236 a JAMB, ta zaɓi ABU, likitanci take so. Ta je Samaru ta yi jarrabawar tantancewa. Yau wata na biyu ke nan kullum sai ta karɓi wayata ta duba, babu komai. Ga yaron maƙwabcina da ya ci 194, har an fara yi masa barka. Ba hassada ba ce, Allah ya sanya albarka, amma ni a rediyo na ji an ce 150 ake nema. To wanda ya haura 200 me ya rage masa? Akwai wani da ke kawo mini ɗinki ya ce in ba shi dubu 150 yana da hanya. Kuɗin da nake tarawa na sabon keke ne, ban ba shi amsa ba tukuna.

Malamin Kimiyya:
Wa alaikumus salam. Baban Walida, da farko ka riƙe kuɗin kekenka. Tun 2017 JAMB ta ɓullo da CAPS, wato tsarinta na intanet da ake ba da gurbin karatu ta cikinsa, kuma duk gurbin da bai bi ta nan ba babu shi a wajen hukuma. Yaro sai ya gama shekara huɗu, lokacin bautar ƙasa ya yi, a nemi sunansa a rasa.

Maganar 150 kuwa, wannan shi ne mafi ƙarancin makin da aka amince wa jami'o'i a taron JAMB na 2025. Ma'anarsa kada wata jami'a ta ɗauki wanda ke ƙasa da haka, ba wai duk wanda ya kai an ɗauke shi ba. Kowace jami'a tana ɗora nata a sama, kowane kwas kuma da nasa cunkoson. Ka tambaya, me yaron maƙwabcinka ya nema? Na tabbata ba likitanci ba ne. Su biyun ba layi ɗaya suke bi ba. Likitanci hukumar likitoci ta ƙasa ce ke ƙayyade wa kowace jami'a yawan ɗaliban da za ta ɗauka, ga shi duk yaron da ya fi kowa a ajin kimiyya daga Sakkwato har Maiduguri nan idonsa yake.

Sannan jami'o'in tarayya kashi uku suke raba gurabe: 45 cikin ɗari na cancanta zalla, ko daga ina mutum ya fito, 35 na jihohin da ke yankin jami'ar, 20 na jihohin da aka ce suna baya a ilimi. Mutanenmu suna jin tunda jami'ar a Zariya take, ɗan Zazzau ya ci gado. Ina! Yankin ABU ba Kaduna kaɗai ba ce, jihohin Arewa ne da yawa.

Tambayata: kiredit ɗinta biyar sun cika? Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji. Kuma an ɗora sakamakon a CAPS?

Baban Walida:
Malam, na gode. Yaron Tarihi ya nema. Ita kuma ta ce a WAEC Fiziks ta ba ta D7, wato ba ta kai kiredit ba, amma a NECO duk biyar ɗin sun fita. Ɗorawa kam wani yaro mai shagon kwamfuta muka ba, ya ce ya gama komai.

Ɗan Kongo:
Baba, "ya gama komai" ɗin nan ita ta cinye mini shekara guda. Gobe da safe ku je cibiyar da JAMB ta amince da ita, ba shagon unguwa ba, ta buɗe shafinta a gabanka a ga wanne aka ɗora. Idan WAEC ce, to a idon na'ura ba ta da Fiziks, ko 300 ta ci ba za a kalle ta ba.

In bana ta kuɓuce, akwai IJMB, wato karatun share fage da ake shiga jami'a da sakamakonsa. Ni ta makarantar share fage ta Funtuwa na bi, na shigo kai tsaye aji biyu, yanzu ina karatun lauya. Sai dai kada in yaudare ka, ta can ma likitanci sai wanda ya kusa cinye makin duka.

Maman Biyu:
Duk kun yi gaskiya, amma na ga ana shirin cewa ta canza kwas. Baban Walida, don Allah ka zauna da yarinyar tukuna. Tawa ƙanin babanta ne ya canza mata zuwa Kemistiri ba da saninta ba, wai don kada ta zauna a gida. Shekara biyu tana zuwa aji kamar an aike ta gidan makoki. Shekarun Walida nawa? In 17 ce, ai shekara ɗaya ba ta tsufar da kowa.

Malamin Kimiyya:
Hajiya, ban ce a tilasta mata ba. Amma na ga yaran da suka sake JAMB sau uku a kan likitanci, makin yana raguwa kowace shekara saboda an bar aji. A gaya mata gaskiya cewa 236 maki ne mai kyau, amma a wannan layin da ƙyar ne, ita ta zaɓa.

Baban Walida:
Mun je da safe. WAEC ce a ciki, Ɗan Kongo, kamar kana wurin. An ɗora NECO yanzu. A hanyar dawowa cikin a-daidaita na kawo mata maganar canji, ba ta ce komai ba sai da muka wuce PZ, sannan ta ce in ba ta kwana biyu za ta yi shawara da malamarta ta Bayoloji. Mai hanya kuma ya zo karɓar kaftaninsa da yamma, na ce masa kuɗin sun shiga keke.