Mura ta kama ni, bugun zuciyata ya ƙi sauka

Assalamu alaikum. Likitoci da ma'aikatan jinya, don Allah ku taimaka min.

Tun da mura ta kama ni a makon nan, bugun zuciyata ya ƙi komawa yadda na san shi. Da lafiyata, in ina zaune, agogon hannuna mai auna bugun zuciya yakan nuna 68 zuwa 72 a minti ɗaya. Yanzu ko a kwance nake 95 ne zuwa 105, in kuwa na miƙe zan yi alwala sai ya haura 120, har ina jin dukansa a wuyana.

Na ɗora yatsu biyu a wuyan hannu na ƙirga da kaina, ko agogon ne ke shirme, lissafin ya zo ɗaya. Na san zazzaɓi yana ƙara bugu kamar 10 a kan kowane digiri, amma zafin jikina bai wuce digiri 37.8 ba, kuma farasitamol ya saukar da shi. Maganin murar da na saya a kemis yana da sinadarin buɗe hanci, sudo'efedirin, mai sa zuciya gudu, tun shekaranjiya na ajiye shi. Na bar shayi da goro, ina ta ɗirkar ruwa. An yi min gwajin maleriya, babu. Majina ta ragu, sai ɗan tari. Ba ciwon ƙirji, ba haki, ba jiri. Amma lambar tana nan daram, har barci ya gagare ni.

Shin in jira murar ta wuce, ko bugun ya kai matakin da zan je asibiti a yi min awon zuciya na ECG?