Neman kalma: monster da public domain a wasan Dungeons & Dragons

Maijidda_Fassara: Salamu alaikum jama'a. Ina da rubutun shirin rediyo na minti 12 da zan miƙa gobe da azahar, a kan asalin halittun wasan Dungeons & Dragons (wasan tebur da 'yan wasa ke zama jaruman labari) da kuma waye ya mallake su. Kalma biyu sun tsaya mini: monster da public domain. Na sa "dodo" da "mallakar jama'a", amma ban gamsu ba. A taimaka.

Ɗan_Fagge20: Wa alaikumus salam Hajiya. Dodo zai ɗauke ki rabin hanya ne kawai. A dokokin wasan, monster na nufin duk abin da mai jan ragamar wasa yake motsawa, mai lissafin ƙarfi da na jini, wanda 'yan wasa za su iya karawa da shi. Kerkeci na ciki, ɗan fashi ma na ciki. Bugu na biyar ya kasa su gida 14, kuma gida guda ana kiransa monstrosity. In kin ba babban gida "dodo", me za ki ba ƙaramin? Shawarata: "halitta" ga duka, "dodo" ga masu ban tsoro.

Malam_Nahawu: Halitta aron Larabci ce, kuma har tunkiya halitta ce. Ga kalma daga tushenmu: firgitau, daga firgita, a kan awon hanau da fiddau. Jam'i firgitai.

Ɗan_Fagge20: Allah gafarta Malam, wa zai firgita da ɗan akuyar da ke cikin littafin?

Zinder_Boubé: Hajiya, kafin kalma ki raba halittun gida uku, don kowane gida hukuncinsa daban. Na farko na gado: ghoul daga gul na Larabawa, ifiritu da aljanu, kobold daga Jamus, golem daga labaran Yahudawa, tarrasque daga garin Tarascon na Faransa. Waɗannan ba mai su. Na biyu na aro daga marubuta: bugun 1974 na Gary Gygax da Dave Arneson ya ɗauki hobbit, ent da balrog kai tsaye, sai a 1977 masu riƙe da haƙƙin kasuwanci na ayyukan Tolkien suka yi wa kamfanin TSR, mai buga wasan, barazanar shari'a, aka mai da hobbit halfling, ent ya koma treant, balrog ya ƙare a balor. Na uku ƙirar gida, kamar beholder da Terry Kuntz ya ƙaga, ya fito a 1975: dunƙulen kai mai shawagi, ƙaton ido ɗaya a tsakiya da ƙananan idanu 10 a kan tsirrai da suka fito daga kan.

Hauwa_Lauya: Gida na ukun ma akwai ƙura. Owlbear, bulette da rust monster daga 'yan tsanan roba masu arha da aka ƙera a Hong Kong Gygax ya ɗauko siffarsu. Sunan githyanki kuma Charles Stross ya aro shi daga wani labarin George R. R. Martin. To batun "mallakar jama'a", ki cire shi. Mai sauraro zai ji kamar rijiyar burtsatse ta ƙaramar hukuma, wato kayan gwamnati. Public domain abu ne da haƙƙin mallakarsa ya faɗi, ko bai taɓa hawa kansa ba. Ki ce "abin da ba shi da haƙƙin mallaka", ko a taƙaice "na kowa".

Malam_Nahawu: Wakafi fa?

Hauwa_Lauya: Wakafi yana da mai bayarwa da sharaɗi, Malam, don haka ya fi kusa da buɗaɗɗen lasisi. Nan ne mutane ke tuntuɓe. Kamfanin Wizards of the Coast ya sayi TSR a 1997, kamfanin Hasbro ya sayi Wizards a 1999, a 2000 aka fito da buɗaɗɗen lasisi mai suna OGL. Lasisin ya ba kowa damar amfani da dokoki da halittun da ke cikin kundin SRD (kundin abubuwan da kamfanin ya buɗe wa jama'a), amma aka ware wasu a matsayin Product Identity: beholder, mind flayer, displacer beast, carrion crawler, githyanki, yuan-ti da wasu. Owlbear yana cikin SRD, ka buga shi ka sayar muddin ka bi sharuɗɗa. Beholder ba ya ciki. A Janairun 2023, bayan hayaniyar yunƙurin sauya lasisin, suka saki SRD 5.1 ƙarƙashin wani buɗaɗɗen lasisi na Creative Commons, sharaɗinsa ambaton mai asali. Wannan bai mai da shi na kowa ba, mai shi yana nan, izini ya bayar. Ga Product Identity zan ce "keɓaɓɓun kayan kamfani".

Malam_Nahawu: Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya ke nan. Mu da muke da Dodo mai haɗiye gari a tatsuniya, mu zauna muna cewa "biholda" a gidan rediyo? A sa masa suna: Ido-goma. Rust monster kuma dodon tsatsa. Duka kuma firgitai ne.

Ɗan_Fagge20: Idanunsa 11 ne Malam.

Zinder_Boubé: Malam na da gaskiya a wani gefen. Faransawa ba su bar shi da Turanci ba, tyrannœil suke ce masa. Mu nan muka ga ana fassarawa, ku a Kano ne kome sai kun bar shi da harshen Ingila.

Ɗan_Fagge20: Mai cewa "kamiyo" da "lakwal" ne zai yi mana gorin aro?

Zinder_Boubé: Mai cewa "cuwingam" dai ya yi shiru.

Hauwa_Lauya: Ku dawo kan hanya. Fassarar Faransanci da izinin kamfani aka yi ta. Sauya suna ba ya wanke ka: in ka buga littafin wasa da Hausa, ka zana ƙwallo mai shawagi da idanu 10 masu harba sihiri iri-iri, ka kira shi Ido-goma, zanen da bayanin na iya jawo maka wasiƙar lauya. Ambatonsa a shirin bayani irin na Hajiya ba matsala ba ne. Kuma ko abin gado, ƙarin da wasan ya yi masa nasu ne. Gul na kowa ne, amma sakin layin da ya bayyana yadda farcensa ke sandarar da mutum rubutun kamfani ne, ta lasisi kake samunsa.

Yaya_Asabe: Ni dai "dodon tsatsa" ya burge ni, ya zauna kamar dodon koɗi. Kuma ga kyauta: encounter, wato haɗuwar 'yan wasa da monster, ku ce "gamo". Duk Bahaushe ya san wanda ya yi gamo ba da mutum ya haɗu ba.

Maijidda_Fassara: Na gode ƙwarai. Ga abin da na rubuta: dodo, jam'i dodanni, tare da jimla guda a farkon shiri cewa a wasan kalmar ta haɗa har dabbobi da mutane. Public domain "na kowa, ba haƙƙin mallaka a kansa". Na ɗauki buɗaɗɗen lasisi, keɓaɓɓun kayan kamfani, gamo da dodon tsatsa. Beholder zan bar shi da sunansa in bayyana siffarsa.

Ɗan_Fagge20: Monstrosity fa? Har yanzu ba shi da gida.

Maijidda_Fassara: Ba ya cikin minti 12 ɗina.

Malam_Nahawu: To a ba firgitau wannan gurbin. Ido-goma kuma na gyara, Ido-sha-ɗaya.